Ciwon Asma da Ɗaukewar Jinin Al'ada

A Udubo da sauran garuruwan ƙasar Katagum, kamar ko'ina, akan ɗauka cewa wanda asma ba ta kama shi a yarinta ba ya tsira. Ba haka abin yake ba. Tsakanin shekara 45 zuwa 55, sa'ad da al'ada ke ɗaukewa, sinadarin jikin mace mai suna estirojin yakan yi ta hawa da sauka kafin ya ragu, kuma wannan canji yana iya taɓa hanyoyin numfashi. Wani bincike na 2016 a kan matan arewacin Turai ya nuna asma ta fi soma kama mata a wannan lokaci fiye da waɗanda al'adarsu ke zuwa daidai.

Abin takaici, sai a ce tsufa ne, a bar baiwar Allah da tarin dare da toshewar ƙirji, ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin murhu da ƙaiƙayin sussuka. Wajibi ne maigida ko 'ya'ya su kai ta asibiti mafi kusa, ko na Gwamnatin Tarayya da ke Azare, domin likita ya tantance ko asma ce, ko tibi, ko ciwon zuciya. In an ba ta maganin shaƙa, kada ta daina don ta ji sauƙi, sai da izinin likita.