Ciwon Da Ke Kā Da Tsofaffi Ta Baya

Ana jawo hankalin hakimai da malamansu na Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa ga wani ciwo na ƙwaƙwalwa wanda likitoci ke kira PSP. Likitoci uku, watau Steele, da Richardson, da Olszewski, su ne suka bayyana shi a birnin Toronto na Kanada cikin 1964.

Yawanci yakan kama wanda ya haura shekara 60. Alamarsa ta fari ita ce yawan faɗuwa, galibi ta baya, ba tare da tuntuɓe ba. Daga nan sai wuya ya sandare, ido ya kasa duban ƙasa, har mutum ba ya ganin akushin da ke gabansa. Magana takan yi nauyi, haɗiya ta yi wuya. Ba sammu ba ne, ba ya kuma yaɗuwa daga wani zuwa wani.

Bincike ya nuna wani sinadari mai suna tau shi ke dunƙulewa cikin ƙwaƙwalwa, yana kashe sashen da ke kula da tsayuwa da motsin ido. Ciwon ya yi kama da na Parkinson mai sa rawar jiki, amma maganin levodopa da ke taimakon wancan ba safai yake amfani a nan ba. Cikin 2019 kamfanonin Biogen da AbbVie suka dakatar da gwajin allurai biyu na kawar da tau, don ba su rage ciwon ba. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi, masana kuwa suna ci gaba da gwada wasu.

Duk da haka kulawa tana da amfani ƙwarai. Abin da ya fi hallaka masu ciwon shi ne ƙwarewa, abinci ya bi ta huhu. Saboda haka a zaunar da majiyyaci sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi mai laushi kaɗan kaɗan. Kada a bar shi kusa da murhu ko rijiya.

Lalle ne hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni kada a ɓoye irin wannan majiyyaci. Malamai su rubuta shekarunsa da lokacin da ya fara faɗuwa, a kai shi asibiti mafi kusa, domin a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.