Farantin Talla da Takardar Sakandare

Tambayi magidanci a Kano ko Katsina aikin matarsa, sau da yawa zai ce maka, "Ba ta aiki, tana gida." Amma a gidan nan ake soya gyaɗa, a matse mai, a murza ƙuliƙuli, kaskon ƙosai na kan wuta tun asuba, ga zubin adashe duk mako. Polly Hill, wata Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai kasuwa sukutum ɓoye cikin gidajen kulle. Mai ƙidayar ma'aikata da ya tsaya a zaure ba zai gan ta ba.

Ƙafar wannan kasuwa ita ce 'yar talla. Ita ke ɗaukar faranti, ita ke sayo gyaɗa, ita ke karɓo bashi, kuma da ribar ake tara mata kayan ɗaki. Enid Schildkrout ta nuna haka a bincikenta na Kano cikin shekarun 1970, daidai lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976. Shi ya sa ba na saurin kiran uwar da ta hana 'yarta boko jahila. Lissafi ta yi: yarinya na aji, ƙosai na hucewa.

Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta lura cewa mata kan yi aiki sosai inda ake talauci da noma, su ja baya idan arziki ya ɗan samu, sannan su dawo idan karatun sakandare da aikin albashi sun yawaita. Tsakiyar nan ce tarko. Yarinyar da ta tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare ta bar talla, ba ta kuma kai ga makarantar ungozoma ko kwalejin ilimi ba, domin can sai da sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO. Alhali mu ne masu cewa mace muke so ta karɓi haihuwar matanmu.

Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020, yana ba iyalai marasa ƙarfi tallafin kuɗi don 'yan mata su zauna a sakandare, har da Kano da Katsina. Ya gano bakin zaren. Duk mai son yarinya ta kammala aji shida, ya fara tambayar uwarta wa zai ɗauki farantin.