Ƙofar da Ke Cikin Tsoka

Dattijon da ya gama ba da karatu a wani zaure a Madabo, ya dafa gwiwa ya miƙe, bai san cewa kafin ƙiftawar ido ƙofofi bila adadin sun buɗe a cikin cinyarsa ba. Kowane zaren tsoka yana da rumbun da yake tara sinadarin kalsiyam. Saƙo na isowa daga jijiya sai ƙofar rumbun ta buɗe, kalsiyam ya kwararo, tsoka ta tsuke. Masana suna kiran ƙofar RyR1, daga sunan rayanodin, gubar wani itace na Kudancin Amurka da ke maƙale mata. A ganina sanin fasalinta ba ilimin ado ba ne, ko ga Bakano.

A 1970 Clara Franzini-Armstrong ta hango ƙofofin nan a jere, ta kira su ƙafafu. A 1989 ɗakin binciken Shosaku Numa a Kyoto ya karanto jerin tubalan da aka gina su da su, sai a 2015 ƙungiyoyi uku, a Amurka da Sin da Jamus, suka fito da surar dalla-dalla bayan sun daskarar da furotin ɗin sun ɗauki hotonsa. Ɓangarori huɗu ne iri ɗaya, kowanne da tubalan amino asid kusan 5,000, sun haɗu kamar faffaɗar rumfa mai kusurwa huɗu a kan dirka ɗaya. Ramin da kalsiyam ke bi ɗan tsurut ne a tsakiyar dirkar. Ita rumfar, wadda ta cinye mafi yawan jikin, aikinta sauraro: nan ake zare sakata, nan ake mayar da ita. Ba a san wata ƙofa irinta da ta kai ta girma ba.

Madabo ta yi suna da fikihu tun zamanin Wangarawa, kuma ko ƙolon da ke wanke allo a can ya san ɗigo ɗaya ne ya raba fa da ƙaf: na fa a ƙasa, na ƙaf a sama. Haka lamarin yake a nan. Tubali ɗaya cikin 5,000 ya sauya, mutum yana yawonsa lafiya ƙalau, sai ranar tiyata da aka shaƙa masa maganin sa barci irin su halotan, ƙofofin su buɗe su ƙi rufuwa. Jiki ya sandare, zafi ya hau, zuciya ta rikice. Likita Michael Denborough ya bayyana cutar a Melbourne a 1960, a wani dangi da mutum 10 suka mutu bayan an sa su barci. Gadonta ake yi. Maganinta dantirolin, mai tsada, alhali arhar halotan ta sa ya daɗe a ɗakunan tiyata na Afirka.

Za a ce, to ai wannan ba kasafai take faruwa ba, mu da zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba. Gaskiya ne. Amma ƙofar tana gonar tumatir ma. Tsutsar Tuta absoluta da ta yi wa manoman Kadawa da Kura ƙarƙaf a 2016, har masana'antar tumatir ta Dangote ta tsaya, tana da irin tata ƙofar. Magungunan feshi irin su Coragen ita suke bankaɗewa su bar ta a buɗe, tsutsar ta daina ci, ta shanye ta mutu. Sun fi kama ta ƙwari nesa ba kusa ba, saboda fasalinta ya bambanta da namu.

Akwai suka mafi ƙarfi: an samo dantirolin da waɗannan magungunan feshi tun kafin hoton 2015, don haka me hoton ya ƙara? Shi da hotunan da suka biyo bayansa sun nuna inda maganin feshi ke kamawa, da dalilin da yake suɓucewa. A gonakin tumatir na Italiya da Burazil an tarar da tsutsotsin da tubali ɗaya ya sauya daidai wurin kamun, feshi ya zama kamar yayyafi. Manomin da ya nace wa magani ɗaya shekara da shekaru, irin waɗannan yake kiwo da kuɗinsa, yana zargin mai shago da sayar masa da jabu. Na'urar ɗaukar hoton kuwa ta miliyoyin daloli ce, amma surar tana intanet kyauta, ɗalibar Jami'ar Bayero na iya juya ta a kwamfutarta ta nuna wa malamin gona tubalin da ya sauya.