Gardamar Giya a Tsohuwar Mota

A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, har yau kuwa akwai sauran tsofaffin 504 tsakanin Funtuwa da Malumfashi. In giyar irin wannan mota ta soma gardama, kada hakimi ya yarda a sauke akwatin giya nan da nan. Direba ya kashe inji ya gwada. In ta shiga sumul, amma ta ƙi bayan an tayar, laifin kuloci ne, galibi mansa ya tsiyaye, gyaran ba tsada. In giya ɗaya kaɗai ke ƙara, zoben tagulla na ciki ya cinye, sai an buɗe akwatin. A nan sai a auna: in inji da sauran ƙarfi, a gyara kafin kakar auduga; in ya gaji, kuɗin asara ne.