In Mai Ya Tsiyayo Daga Jirgi Mai Saukar Ungulu

In jirgi mai saukar ungulu ya sauka a Taba, mai yana tsiyayowa tsakanin inji da giya, hakimi ya hana jama'a taɓawa, malaminsa kuwa ya rubuta launin man da inda ya ɗiga.

Amma wurin ɗigar ba shi ne wurin yoyon ba, gama iskar farfela tana watsa mai. Makaniki, irin waɗanda ake horarwa a makarantar jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964, zai wanke wurin tas, ya barbaɗa farar hoda, sa'an nan ya ta da inji. Inda hoda ta fara jiƙewa, can ɓarnar take, yawanci robar bakin sanda ce ta cinye. Giya kuwa in ta rasa mai a sama, sai ta yi zafi ta cije.