Zuba: Ƙofar Abuja da Masu Gidan da Ba a Cika Tambaya Ba

Kowace safiya dubban ma'aikatan tarayya daga Suleja da Madalla suna ratsa Zuba a hanyarsu ta zuwa ofis. Abin da akasarinsu suka sani game da garin bai wuce tashar mota da kasuwar kayan marmari da Kwalejin Ilimi ba. Kaɗan ne suka san cewa Zuba tsohon gari ne na Koro, mai sarautar da ake kira Agora, wanda ya girmi Babban Birnin Tarayya nesa ba kusa ba.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa yankin da Dokar Soja mai lamba 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Babbar hujjar zaɓen wurin ita ce ba ya hannun ko ɗaya daga manyan ƙabilun ƙasa. Hujjar gaskiya ce, sai dai kunnuwa da yawa sun ji ta tamkar an ce babu kowa a wurin, alhali Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana suna zaune da gonakinsu da kaburburan kakanninsu.

Da farko an yi niyyar kwashe kowa. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya shawara saboda tsadar aikin: sai wanda gini ya iso kansa za a tayar. Tun daga nan ƙauyuka suka shiga zaman jiran ranar da ba a sanar da su ba. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya damƙa dukkan ƙasar yankin ga Gwamnatin Tarayya, don haka diyyar manomi ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta.

A nan ne sadarwa ta zama ko dai magani ko guba. Takardar rabon fili da Turanci ake rubuta ta, a ofis ake sa mata hannu, sau da yawa kuma manomi ba ya jin labari sai ya ga masu awo a gonarsa. Taƙaddamar fili tsakanin mutanen Tungan Maje, maƙwabtan Zuba, da rundunar sojan ƙasa ta kai ’yan asalin yankin zanga-zanga har ƙofar Majalisar Tarayya. Kowane ɓangare yana da hujjar da yake riƙe da ita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama a tabarma ɗaya tun kafin rai ya ɓaci.

Masu jin Hausa ma suna da nasu kason. Hausa ce harshen ciniki a kasuwar Zuba, amma mutanen da ake ce wa Gwari sun fi son a kira su Gbagyi, kuma kalmar "gwaranci", da ake jifan mai karya harshe da ita, tana ɗauke da rainin da mai faɗa ba ya lura da shi. Kiran mutum da sunan da ya zaɓa ba ya cin kasafin kuɗi.

Inda aka saurara, an ga amfani. A Janairun 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ’yan asalin yankin sun cancanci kujerar minista kamar kowace jiha, a Agustan 2023 kuma aka rantsar da Zephaniah Jisalo. An ɗauki shekara 47 kafin a kai ga haka. Har yau yankin sanata ɗaya gare shi da ’yan Majalisar Wakilai biyu, babu gwamna zaɓaɓɓe, babu majalisar jiha da talaka zai kai kukansa.

Wannan giɓi ne ya ɗora nauyi a kan teburin ma'aikaci da na mataimakin minista. Kafin fayil ya wuce, akwai tambayoyin da suka kamata: an sanar da fadar Agora da masu unguwanni? An karanta sanarwar da harshen da mutane suke ji? An rubuta ƙorafinsu a cikin fayil ɗin, ko an bar shi a bakin ƙofa? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai zanen taswira a ofis ba zai san wurin ba sai ya je ya tambaya.