Yadda Ake Jera Bututun Kabon a Cikin Ruwan Kiristal

A 1991 ne Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana wa duniya siraran bututun kabon, waɗanda gashin kai ya fi su kauri sau dubbai. Suna ɗaukar lantarki sosai ta tsawonsu, sai dai a harɗe suke fitowa, a manne da juna. To wa zai miƙar da abin da ido ba ya gani?

Maganin ya girmi bututun da fiye da shekara ɗari, kuma labarinsa na da daɗin ji. A 1888, Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai ɗan Ostiriya da ke aiki a Firag, ya ɗora wani sinadari dangin kolestarol a wuta, sai ya ga abin mamaki: ya narke sau biyu! A digiri 145.5 ya zama ruwa mai hazo, a 178.5 kuma ya washe garau. Ya aika wa Otto Lehmann a Jamus, shi kuma ya gano cewa ruwan mai hazo yana gudana, amma da tsari irin na kiristal a cikinsa, wato ruwan kiristal. Ƙwayoyinsa dogaye ne, kusan dukansu waje guda suka fuskanta. Irinsa ne a allon talabijin da na agogon hannu.

In aka warwatsa bututun kaɗan a cikin ruwan kiristal da ƙara mai ƙarfi, sai su kwanta inda ƙwayoyin suka fuskanta, kamar kara a ruwan kogi.

Nan ne mutane ke yawan kuskure, har da masu karatu. Sun ɗauka da an saka lantarki, shi ke kama bututun ya juya su. A'a! Ƙwayoyin ruwan yake juyawa, su kuma su tafi da bututun. Ingo Dierking na Jami'ar Manchesta da abokan aikinsa sun nuna haka a 2004 da 2005. A ruwan da ƙwayoyinsa ke bin layin lantarki, bututun suka miƙe tsakanin faranti biyu da ke ba ruwan lantarki, wutar da ke ratsawa ta ƙaru. A wanda ƙwayoyinsa ke gitta layin, bututun suka kwanta, wuta ta ragu. Da lantarkin ne ke jan su kai tsaye, ai da ba a ga wannan na biyun ba.